Masaukin Baba a Bayan Dutsen Zuma

Babanmu direban gingimari ne. Yakan ɗauki wake da gero daga Kasuwar Daji ko kasuwar Shinkafi ya nausa kudu da su, ya sauke a Madalla kusa da Suleja, ya dawo mana da doya da manja da labari. Doyar ba ta daɗewa take ƙarewa, labarin kuwa sai ya kai mu har tafiya ta gaba. Gidanmu yana Ƙaura Namoda, bayan tashar jirgin ƙasa. Duk ranar da Baba ya dawo, bayan la'asar akan shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya ya miƙe ƙafa, mu kewaye shi, Inna kuma tana can gefe tana tankaɗe kamar ba ta ji, alhali ba kalmar da ke wuce ta.

Labarin da ya fi maimaitawa shi ne na Dutsen Zuma. Yakan ce dutsen kamar rufewa yake, wato babban rumbun laka irin na ƙauyukanmu, jikinsa sumul kamar an yaɓe shi da hannu. Da safe gajimare yakan sauko ya zauna masa a ka kamar jinka, in an yi ruwa kuma sai ka ga sawun ruwan ya gangaro ta jikinsa baƙi-baƙi, yadda yake yi wa katanga. Yana kaiwa nan sai Inna ta buga rariya ta ce ƙaryar direba ce, wa ya taɓa ganin dutse da jinka. Shi kuma ya yi dariya ya ce wata rana zai ɗauke ta a gaban mota ya kai ta ta gani da idonta. Ita ta ce Allah ya kai mu. Haka suka yi ta yi har na yi wayo, har na fara aske gemu.

Ni ne auta, kuma ni ne mai bakin gidan. Da na ga hoton dutsen a littafin makaranta, na ga mutane suna nuna wasu ramuka a jikinsa masu kama da ido da hanci da baki, sai na zo da gudu na ce wa Baba ashe dutsen nasa fuska gare shi. Ya dube ni ya ce shi dai bai taɓa ganin wata fuska ba. Ban yi masa musu ba, amma a raina na ce lalle Inna ta fi mu sanin mijinta.

A Madalla Baba yana da fatoma, wato mai masaukin da direbobi da fatake ke sauka a gidansa, ya ajiye musu kaya, ya nemo musu masu saye, matarsa ta ciyar da su. Inna ba ta taɓa ganin matar fatoman nan ba, amma ƙawarta ce. Duk tafiya sai ta ƙulla mata daddawa da kuka da man shanu, ita kuma ta aiko da citta da manja, wani lokaci har da turmin atamfa in salla ta matso. Ba wasiƙa, ba waya, Baba ne kaɗai igiyar da ta haɗa su. Da ya rasu aka sayar da motar, sai igiyar ta tsinke. Ko gaisuwar mutuwa ba mu san ta inda za ta iso mu ba.

Shekaru suka tura. Na zama malamin sakandare a Gusau, yayana ya riƙe shagon hatsi a Ƙaura, Inna tana wurinsa. Sai ta fara karo da turmi a tsakar gida, tana zuba ruwa a gefen buta. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Na dama ya riga ya tafi, na hagu kuma yana tsukewa a hankali, sai abin da ke gabanta tsaf take gani, kamar mai leƙe ta ramin ƙofa. Magani zai jinkirta abin, ba zai dawo da shi ba. A hanyarmu ta dawowa daga asibiti, da muka hango Ƙaura, sai ta juyo gare ni.

"Auta, ina son in ga dutsin nan na ubanku tun ina gani," in ji ta.

Wannan shi ne abu na farko da Inna ta taɓa roƙona a duniya. Na ji daɗi, na kuma ji tsoro, domin lokacin ba a hannuna yake ba.

Tafiyar mota ba ta taso ba. Bayanta ba zai ɗauki yini guda a kujera ba, ga kuma halin da hanyoyi suka shiga, wanda ba sai na faɗa wa kowa ba. Sai jirgin sama. To, mutumin Ƙaura in zai hau jirgi sai ya fara yin wata tafiyar kafin tafiya. Ko dai Sakkwato, ko Katsina ta Zurmi da Jibiya, ko Kano can da nisa. Na zauna da waya ina duba ranakun tashi, yayana yana tsaye a kaina yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Shi Sakkwato yake so, don yana da abokin ciniki a Shinkafi da zai ba mu mota. Ni Kano nake so, don jirage sun fi yawa, in wannan ya fasa wancan zai tashi. Muka yi ta ja-in-ja har muryoyi suka ɗaga, don ni ba na iya yin musu a hankali.

Inna tana zaune tana jan carbi. Da ta gaji da mu sai ta tambaya, ba ta ce wane jirgi ya fi sauri ba, cewa ta yi a wace hanya muke da gidan kwana. A Shinkafi akwai gidan surukan yayana, ta ce ita ba ta kwana gidan surukai ana ta ɗawainiya da ita tana jin nauyi. A Kano ba mu da kowa. A Zurmi kuwa ga ƙanwarta, uwa ɗaya uba ɗaya, rabon su da juna tun wani suna. Nan take maganar filin jirgi ta mutu. Katsina ce, saboda tuwon ƙanwar Inna. Ta ƙara da cewa ita dai ba ta taɓa jin an nufi kudu ta hanyar gabas ba, amma tunda 'yan boko ne suka shata hanyar sama, ba ta da ta cewa.

Masauki kuwa ni kaɗai na zaɓa, kuma na yi alfahari da zaɓina. Na yi kwanaki ina duba hotunan otal-otal na kusa da dutsen. Wannan yana da arha amma bayan kasuwa yake kallo, wancan yana da kyau amma sai an hau bene mai tsawo. Daga ƙarshe na sami wani a gefen babban titi, ɗaki a ƙasa, taga ƙatuwa, mai otal ɗin ya rantse mini a waya cewa daga kan gado ana ganin fuskar dutsen. Na kama ɗaki biyu. Da Inna ta tambaye ni inda za mu sauka, na ce mata an shirya masauki, ban ambaci kalmar otal ba, don na san ra'ayinta: a wurinta otal gidan waɗanda ba su da kowa ne.

Ita kuma ta shiga nata shirin. Ta sa aka sayo daddawa mai kyau, aka daka kuka, ta aika rugar da ke bayan ƙauyen Ɗan Isa aka kawo mata man shanu sabon kaɗi. Na ce Inna, mutanen nan fa ba mu san ko suna raye ba, ba mu san gidan ba. Ta ce in ƙawarta ta mutu ai tana da 'ya'ya, kuma ba a zuwa garin mutane hannu na dukan cinya.

Ƙarshen damina muka tashi, dawa ta yi kai, gero ya sunkuya. Hanyar Zurmi na santa tun ina yaro, lokacin da Baba kan ɗora ni a gaban mota in hutu ya zo, mu tsaya a bakin rugage a miƙo mana nono a ƙwarya ba tare da an tambaye mu ko su wa ne mu ba. Wannan karon na ga gonaki da yawa ba shuka, na ga ƙauyen da ba hayaƙi a cikinsa. Inna ta ce in riƙa faɗa mata abin da muke wucewa, sai na riƙa zaɓar na faɗa. A Zurmi 'yan'uwan biyu suka rungume juna suna tsiya, kowace na cewa ɗayar ta fi ta tsufa. Washegari sai da rana ta ɗaga, motoci suka taru, sannan muka bi ayari zuwa Jibiya, kayanmu sun ƙaru da fura da kuma gargaɗi iri-iri.

A filin jirgin Katsina man shanun nan ya kusa raba ni da mutuncina. Ma'aikaciyar ta ce ba a shiga da shi a hannu, sai dai a sa shi cikin kayan da za a loda. Inna ta ce ita ba ta yarda a jefa man ƙawarta cikin kayan mutane ba. Na lallashe ta, na naɗe robar da zanenta, na rantse mata zai iso lafiya, daddawa kuwa tana ta sanar da kowa cewa mutanen Zamfara sun iso. A cikin jirgi ta tambayi inda alƙibla take, ta kama carbi, ba ta sake shi ba sai da taya ta taɓa ƙasa a Abuja. Da na tambaye ta yaya ta ji, ta ce gingimarin Baba ya fi wurin miƙe ƙafa.

Da azahar muka isa otal. Mai otal bai yi ƙarya ba. Na ja labule, ga dutsen nan ya cika taga, ga idanu, ga hanci, ga baki, sak yadda yake a hoto. Na kamo hannun Inna na tsayar da ita a gaban gilashi. Ta daɗe tana kallo, tana juya kai a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, saboda idon ba ya ɗaukar abu gaba ɗaya, sai ta bi shi gutsure-gutsure. Ina tsaye ina jiran a sa mini albarka.

"Wanga ba shi na ba," in ji ta.

Na ce Inna, shi ne mana, Dutsen Zuma guda ɗaya ne a duniya. Na nuna mata fuskar, na ce ita ce kowa ke zuwa kallo. Ta ce ita ba ta zo kallon fuskar kowa ba. Abin da ta gani dogo ne, shimfiɗaɗɗe, kamar sa ya kwanta. Ina rufewar? Ina jinkar? Ta saki labulen ta koma ta zauna a ƙasa, kan sallaya, ta bar gadon da na biya.

"Ko dai idon nau ya ƙare, ko ubanku ya yi mani ƙarya shekara da shekaru," ta ce. "Kai hwaɗa mani, wane zan so cikin biyun?"

Ban taɓa jin muryarta haka ba. Sai a lokacin na gane duk ƙaryar direban da take kira ba ta taɓa yarda ƙarya ba ce, wasa ne irin nasu, ita ce ta fi mu duka gaskata shi. Aka kawo abinci ta ƙi taɓawa. Ta tambaye ni wane ne maigidan nan da har yanzu bai aiko an yi mata sannu da zuwa ba. Na ce otal ne. Ta ce ta sani tun daga ƙofa, so take ta ji ko zan iya faɗa da bakina.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na fita ina ta magana ni kaɗai: jirgi, ɗaki biyu, taga, a ce duk ba su yi ba. Amma ƙafata ba ta kai ni ko'ina ba sai kasuwar Madalla, layin 'yan wake, inda na ji ana Zamfarci kamar ina Kasuwar Daji. Na faɗi sunan Baba, ba wanda ya gane. Sai na tuna a zamaninsu da rubutun mota ake sanin direba. Na ce mai gingimarin nan kore, wanda aka rubuta wa Sannu Ba Ta Hana Zuwa a goshi. Wani tsohon dillali ya ajiye mudu ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce lalle ga kunnuwan direban nan. Ya yi wa Baba addu'a, ya ce fatoman ma ya rasu, amma matarsa tana nan a gidan, can ta bayan dutse, ba ta titi ba.

Kafin magariba na kai Inna. Hanyar ta bar kwalta ta zagaya ta cikin gonakin doya da masara, ta kai mu wani gida mai dogon zaure da ɗakunan baƙi a jere, yawancinsu yanzu an zuba buhuna. Tsohuwar ta fito tana dogara sanda. Inna ba ta faɗi ko ita wace ce ba, ƙullin daddawar kawai ta miƙa. Matar ta kwance, ta sunsuna, ta tsaya cak. Ta ce wannan ƙullin hannun mutum ɗaya ne ta sani a duniya, mai ƙulla bakin leda sau biyu ta soke tsinke. Sai ta saki sandar ta rungume Inna. Suka yi wa juna gaisuwar mazajensu a tsaye a zaure, gaisuwar da ta makara da shekaru, ni kuma ina riƙe da robar man shanu kamar ɗan aike.

Ba a ma yi shawara da ni ba kan inda Inna za ta kwana. Na koma otal ni kaɗai, da ɗakuna biyu da taga ƙatuwa.

An yi ruwa kafin asuba. Tun hantsi bai gama fitowa ba na koma gidan, na tarar ba su a tsakar gida. Aka nuna mini wata 'yar ƙofa ta baya. A can, gindin wani tsohon mangwaro, an shimfiɗa tabarma, tsofaffin biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa. Matar fatoman ta ce nan ne wurin Baba. In ya sauke kaya ya yi wanka, nan yake kawo shayinsa, ba ya zama cikin hayaniyar zaure.

Na ɗaga kai. Daga nan dutsen ba shi da tsawon nan na titi, ta ƙugunsa ake ganinsa. Ya tashi zagaye, sumul, kafaɗunsa sun lanƙwasa sama. Ba ido, ba hanci. Sawun ruwan daren ya gangaro ta jikinsa baƙi-baƙi, wani farin gajimare kuma ya sauko ya kife masa a ka. Rufewa ce, da jinkarta. Baba ta bayan gida ya yi ta ganinsa duk tsawon shekarun nan, a titi kuwa idonsa na kan kwalta da lodin da ke bayansa, ina ya ga ta neman fuskar dutse.

Inna tana bin sa da idon nan guda, daga ƙasa zuwa sama, a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Can sai ƙawarta ta ce, cikin dariya, ai kullum in ya zauna nan sai ya ce mata wannan rufewar gidan su matarsa ce ta ƙauyen Sakajiki, wadda ya fara ganin ta a gindinta tana sussuka, ranar da ya je ɗaukar gero.

Wannan bai taɓa faɗa mana ba a gindin darbejiya. Na dubi Inna. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kunya ta kama ta a gabana kamar yarinya, hawaye kuma yana bin gefen idon da ya mutu da wanda ya rage.

"Ashe gaskiya yaka hwaɗi," ta ce. Sannan ta ƙara, "Amma tamu ta ɗara wagga kyawon yaɓe."

Muka yi dariya mu duka, har da ita. Daga nan ta ce in tashi in ba su wuri, suna da magana.

Kwanakin da na tsara ba su ishe ta ba, sai da na sake ranar jirgi, na kuma saki ɗakunan otal na dawo ɗakin baƙi na gidan fatoma, kusa da buhunan masara. Kowace safiya tana gindin mangwaro. Da za mu tafi aka ƙulla mata citta da manja, muka sake yin wani rikicin a filin jirgi.

Idon bai kai wata damina ba. Yanzu Inna tana gidan yayana, jika ke jan ta zuwa inuwar darbejiya bayan la'asar. Ita da ƙawarta suna gaisawa a wayata in na je Ƙaura, daddawa kuma tana tafiya a motar 'yan wake. Yara sukan kewaye ta su ce ta ba su labarin jirgin sama, ita kuwa jirgin bai dame ta ba, dutsen take ba su: sumul kamar an yaɓe da hannu, gajimare a ka kamar jinka, kalma bayan kalma yadda Baba yake faɗa. Rannan wata jikarta mai baki irin nawa ta ce ita a makaranta an nuna musu hoto, dutsen fuska gare shi, ba jinka. Inna ta juyo da fuskarta wajen muryar yarinyar.

"Ni ban ga huska ba," ta ce. "Tambayi autana, shi ya kai ni."

Yarinyar ta dube ni tana jiran in raba gardama. Na ce mata ni ma ban gani ba.